Baba Ari, Mai Gilashin da Ya Zaunar da Onarabul a Kujerar Direba

Da an sallame sallar asuba a Soron Ɗinki, ƙarar farko da za ka ji a lungu ita ce ta keken Baba Ari. Keken ya girmi rabin masu gaishe shi a hanya, kuma ba shi da ƙararrawa, don ba ya bukatarta. Akwatin katakon da ke ɗaure a baya shi yake shelar zuwansa, ƙwaram-ƙwaram, tun daga ƙofar gida har Ƙofar Kabuga. A can rumfarsa take, a gindin wata darbejiya, yau shekara talatin da shida. Yana isa zai jingine keke, ya yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, ya wanke hannu har gwiwa kamar mai sabunta alwala, sannan ya buɗe akwati. Ba ya taɓa gilashin mota da hannu mai maiƙo, kuma ba ya barin kowa ya taɓa a gabansa.

Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don yabon gwani ya zama dole, kuma gara a yi shi mai shi yana ji da kunnensa.

Kakansa daga Barno ya zo da allo da tawada, ya zauna a cikin birni ya kafa zuriya. Mahaifinsa marubucin Alƙur'ani ne, irin wanda zai cika shafi ba ɗigo ɗaya da ya kauce. Ari ya gaji natsuwar hannun, sai dai shi a kan gilashi ya sauke ta. Kuma ƙa'idarsa ɗaya ce tun yana saurayi: gilashin da zai warke ba a cire shi. Direbobi nawa suka zo da zafinsu suna cewa a cire a sa sabo, ya duba tabon, ya kaɗa kai, ya ɗura masa gam, suka tafi da gilashinsu na asali? Alhali kowa ya san cirewar ta fi kawo masa abin miya.

Ga kuma ɗabi'ar da ta sa aka san shi har inda bai taɓa zuwa ba. Kullum da salatif a aljihunsa. Duk inda ya ga tsakuwa ta ɓalli gilashin mota, ko ta waye, sai ya yanko ɗan guntu ya manna a kan tabon don kada datti da ruwa su shiga, ya yi gaba abinsa. Wani ɗan tasi ya taɓa fitowa daga masallaci ya tarar da salatif a gilashinsa, ya ɗauka sammu aka yi masa. Sai da ya kai maganar wurin malaminsa, malamin ya duba ya ce, "Wannan ba aikin maƙiyi ba ne, aikin Ari ne. Tafi Kabuga."

Amma abin da ya sa na ce lallai sai na rubuta shi ne abin da ya faru a watan Mayun bana, jajibirin ranar da soja suka miƙa mulki. Wanda ya ga Kano a makon nan ya ga gari! Teloli ba sa ɗaga kai, fastoci har a jikin tukwanen masu koko, duk wanda ka taka a kasuwa sai a ce maka ka yi hankali, Onarabul ne. Shekara goma sha biyar da ɗoriya ana jiran wannan Asabar ɗin.

Cikin waɗanda suka ci zaɓen majalisa akwai Alhaji Sadiƙ, ɗan kasuwar atamfa, Bafulatanin cikin birni. Yana cin zaɓe ya sayo wata doguwar baƙar mota 'yar Kwatano, ƙirar Amurka, mai wani abin mamaki: idan aka tayar da ita, sai korayen lambobi su fito a jikin gilashin gaba, daidai idon direba, suna nuna masa gudun da yake yi ba sai ya sunkuyar da kai ba. Unguwa ta sa mata suna Mai Rubutu. Direbanta Ɗanjuma ne, wanda ya shekara ashirin da biyu yana tuƙi a gidan, tun zamanin mahaifin Alhaji. Mutum ne mai kishin kujerarsa. Ko mai wankin mota ba ya bari ya zauna a kanta, sai dai ya goge daga tsaye.

A wata tafiyar godiya ga masu zaɓe tsakuwa ta ɓalli gilashin, ɗan tabo kamar ƙwayar wake, ta ɓangaren mai zaman banza. Ɗanjuma ya biyo ta Kabuga, Baba Ari ya manna salatif ya ce ya kawo ta Litinin. To, amma sabon ɗan majalisa ba ya rasa masu ba da shawara. Wani Ado, wanda ya naɗa kansa shugaban magoya baya, ya ce, "Haba! Onarabul guda ya hau motar da aka yi wa faci? Me 'yan adawa za su ce?" Suka ɗauki mota da direbanta suka kai wani wuri, aka zare tsohon gilashi, aka sa sabo fil.

Ɗanjuma yana tayar da mota sai ya kai ido kan lambobin. Kowace lamba ta zama biyu, ɗaya a kan ɗaya, kamar da inuwarta. Ya murza ido, ya sake dubawa, suna nan biyu.

Wani zai ce ai abin ba wuya, sai ya zargi gilashi. Wanda ya ce haka bai san gidansu Ɗanjuma ba. Mahaifinsa yana da shekara hamsin da 'yan kai ya makance, kuma abin da ya fara kuka da shi shi ne yana ganin harshen fitila biyu. Ɗanjuma bana hamsin da uku. Shi a wurinsa ba wata tambaya, gado ne ya ƙwanƙwasa ƙofa. Kwana tara bai gaya wa kowa ba. Ya sa kwalli, ya ɗiga zuma, ya sha rubutu, lambobi suna nan biyu. Ranar Alhamis ya ga ba zai iya ci gaba da ɗaukar ran mutane a kan idon da bai amince da shi ba, ya tsayar da mota ya faɗa wa Alhaji gaskiya.

Alhaji ya leƙo daga kujerar baya, bai ga komai ba. Ba kuwa zai gani ba, don lambobin nan wanda ke zaune a gaban sitiyari kaɗai suke bayyana wa. Shi kuwa Alhaji bai iya tuƙi ba, kuma duk kurin da yake wa abokansa cewa motarsa tana rubutu, bai taɓa zama ya ga rubutun ba. Ransa ya ɓaci, don yana ƙaunar mutumin. Daga baya ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Ɗanjuma. Gobe ka kai a ɗaure madubin gefen nan, ka kawo mini makulli. Asabar wani zai ja."

Haka Ɗanjuma ya iso rumfar Baba Ari da safiyar Juma'a, aikensa na ƙarshe. Ya yi zuru-zuru, gaisuwar ma da ƙyar take fita. Baba Ari ya dubi fuskarsa, ya dubi gilashin, ya ajiye sukundireban da ya ɗauko.

"Ina gilashin da na manna wa salatif?"

"Sun canja shi, Baba."

"Kai kuma wa ya canja ka?"

Nan Ɗanjuma ya kasa riƙewa, ya zayyana masa komai. Baba Ari ya saurara har ƙarshe, sannan ya ɗaga yatsa ɗaya ya ce, "Nawa ne wannan?"

"Ɗaya."

"Ni fa, nawa kake gani?"

"Kai kaɗai, Baba."

"Alhamdu lillahi, don Kano ba za ta iya da Ari biyu ba. Tashi daga kujerar nan."

Shekara ashirin da biyu ba wanda ya taɓa faɗa wa Ɗanjuma haka, amma ya tashi. Baba Ari ya zauna, aka tayar da mota, ya ƙura wa gilashi ido. Mota a tsaye take, don haka sifiri ne ya fito, kuma ga shi nan tagwaye. Bai taɓa gyara mota mai rubutu ba a rayuwarsa, sai dai ya san gilashi kamar yunwar cikinsa. Ya fito, ya ƙyasta ashana, ya kai ta kusa da gilashin ya ce Ɗanjuma ya karkata kai ya duba. Harshen wuta biyu suka bayyana a ciki.

"Ka gani? Kowane gilashin gaba falle biyu ne, da roba a tsakani. Fuskar ciki ta maido haske, ta waje ma ta maido nata, shi ya sa ya zama biyu. Wancan naka na asali, dole akwai dabarar da masu ƙira suka yi masa don hasken biyu su hau kan juna. Wannan kuwa gilashi ne mai kyau, amma ba na wannan motar ba ne. Idonka lafiyarsa lau, Ɗanjuma. Gara ma naka da nawa."

Ɗanjuma ya durƙushe a gefen taya yana ta maimaita hamdala. Can ya ɗago ya ce, "Baba, Alhaji ba zai yarda ba. Cewa za a yi na haɗa baki da kai don kada a karɓi makulli."

"Gani ya kori ji," in ji Baba Ari. "Ja mu je."

Ƙofar gidan Alhaji ba masaka tsinke. Maroƙa, 'yan jam'iyya, masu neman a san da su, kowa da sabon ɗinki. Alhaji ya fito cikin babbar riga mai sitaci, ana ta ranka ya daɗe. Sai ga wani tsoho da rigar aiki ya ratsa taro ya tsaya a gabansa.

"Sadiƙu, zo ka zauna a kujerar direba."

Ado ya yi tsalle ya ce, "Baba, ka san da wa kake magana? Onarabul a kujerar direba, a gaban jama'a?"

Da wani ne ya faɗi wannan magana, da an yi waje da shi. Amma Baba Ari Babarbare ne, Alhaji kuwa Bafulatani, kuma kowa a birnin nan ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani tun kaka da kakanni. Abin da Babarbare zai faɗa wa Bafulatani a bainar jama'a, in ya yi fushi shi aka yi wa dariya. Baba Ari ya san da haka sarai, da shi ma ya taho.

"Kai, rufe mana baki, ina magana da bawana," ya ce wa Ado. Ya juya ga Alhaji. "Kakanka bayan saniya ya bi da ƙafa har ya iso Kano. Kai kujera mai laushi aka ce ka hau, kake noƙewa?"

Dariya ta ɓarke. Alhaji ma ya kasa daurewa, ya ce, "Yau na ga ta kaina, bawa yana aiken ubangidansa." Ya tattare riga, ya cire hula don rufin motar ya hana ta shiga, ya cusa kansa gaban sitiyari yana nishi. Ɗanjuma ya miƙa hannu ta taga ya murza makulli.

"Me ka gani?" in ji Baba Ari.

"Sifiri... a'a, tsaya. Sifiri biyu! Wallahi biyu ne, ɗaya a kan ɗaya!"

"To, kai ma ka makance ke nan. Sauko ka ba wani kujerar majalisar."

Sai kabbara da tafi! Har maroƙin da ya zo wasa Alhaji ya juya ya koma wasa mai gilashi. Alhaji kuwa bai yi dariya ba a wannan karon. Ya daɗe a zaune, hannunsa a kan sitiyari, sannan ya fito ya kama hannun Ɗanjuma da hannu biyu ya ce, "Ka yafe mini. Makulli naka ne."

Ɗanjuma ya ce, "Ranka ya daɗe, na yafe. Amma ni hankalina ba zai kwanta ba sai na ga lambar nan ta koma ɗaya da idona."

Baba Ari ya ce gaskiyarsa, kuma magani ɗaya ne, a nemo tsohon gilashin, don irinsa babu a Kano ko an tashi kasuwa kaf. Aka ɗora Ado a kan acaɓa, tunda shi ya ɓata. Bai jima ba ya dawo yana haki, ya ce mai sa gilashin ya bayar da shi ga wani mai tsire, Ilu, a gindin Dala.

Motar ba ta shiga lungun, da ƙafa Baba Ari da Ɗanjuma da Ado suka ƙarasa. Ga gilashin Mai Rubutu an kafa shi tsakanin katako biyu yana tare wa tsire ƙurar hanya, ya sha hayaƙi da ƙuli-ƙuli har ba a ganin ta cikinsa. Baba Ari ya yi salati, don zafin wuta yana iya mai da ɗan tabo doguwar tsaga. Ya bi shi da yatsa a hankali har ya kai wurin. Tabon bai motsa ba, salatif ɗin yana nan daram, maiƙo bai shiga ba. Ya shafa gefen gilashin daga ƙasa zuwa sama, ya yi murmushi, don yatsunsa sun ji abin da ya zata: saman ya ɗan fi ƙasan kauri, da kaɗan ƙwarai. Dabarar ke nan.

Ilu ya ce, "Baba, ni fa na saba da shi."

"In na ba ka sabo fil a madadinsa fa?"

"Sabo? Na motar Onarabul? Ku kawo bargo mu naɗe!"

Haka aka ga manya uku sun ɗauko gilashi a naɗe suna ratsa lungunan Dala, Ilu a gaba yana ihu, "Hanya! Hanya! Idon mutum muka ɗauko!" Mata suna leƙe ta zaure, masu keke suna manne wa bango.

Kafin a wanke shi a tsane shi an kira sallar Juma'a. Ana idarwa Baba Ari ya dawo rumfa ya ɗaga kai sama, fuskarsa ta canja. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, shi kuwa gam ɗin da ake ɗura wa tabo rana ce take dafa shi. In ta ɓuya kafin ya kama, aikin sai wata rana, gobe kuma Asabar. Ya cire salatif, ya share bakin tabon da tsinin allura, ya kafa sirinji ya zuƙe iskar da ke ciki, sannan ya tura gam ɗin, fari tas kamar ruwa. Mutane sun yi da'ira suna kallo. Tabon ya dinga dusashewa a gaban idonsu har ya koma ɗan ɗigo. Ya rufe shi da farar leda, suka fito da gilashin tsakiyar rana.

Iska ta taso, ganyen darbejiya ya fara zuba. Ɗanjuma yana kallon sama yana motsa baki. Ilu ya ce da hadarin, "Don Allah ka bi ta Gwale tukuna!" Baba Ari bai ɗaga kai ba ko sau ɗaya, farcensa kawai yake kai wa gefen ledar. Gajimare na dab da cin rana ya ce, "Ya kama." Ya kankare saman da reza, aka ruga da gilashin cikin rumfa, aka turo hancin motar ƙarƙashin kwano, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. A nan, ruwa na dukan kwano, shi da Ɗanjuma suka zare sabon gilashin da waya, suka zaunar da tsohon a mazauninsa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ɗanjuma ya zauna a kujerarsa, ya yi bisimilla, ya murza makulli. Sifiri ɗaya ya fito, kore shar, shi kaɗai. Ya kifa goshi a kan sitiyari ya fashe da kuka, babba da shi, kuma ba wanda ya ga laifinsa. Washegari shi ya ja Mai Rubutu zuwa filin bikin miƙa mulki, da sabuwar hula a kansa.

Na tambayi Baba Ari dalilin da zai ajiye aiki alhali ana bukatarsa. Ya miƙo mini hannunsa na dama, na ga yana ɗan rawa. Ya ce, "Watan jiya ɗigon gam ya kauce mini, karo na farko. Na Ɗanjuma laifin gilashi ne. Wannan nawa ne, kuma ba zan jira sai na fasa na wani ba."

Baba Ari, kai ne ka san bambancin abin da ya lalace da abin da aka yi wa ƙazafi. Kai ne ka manna wa motocin da ba ka san masu su ba salatif, ka tafi ba ka jira godiya ba. Ɗan marubuci, mai hannun tawada a kan gilashi! Ba a kira sunanka a lasifika ranar Asabar ɗin nan ba, ba a ba ka kujera a rumfar manya ba, kana Kabuga kana share ruwan da ya kwanta a rumfarka.

Akwai abin da ba ka sani ba sai daga baya. Bayan kwana biyu Hassana, matar Ɗanjuma, ta kai wa matarka Ya Kaka kwanon dambu har Soron Ɗinki, ta gaya mata abin da ko Alhaji bai ji ba. Ta ce a kwana taran nan, kullum mijinta zai tafi masallaci sai ya tsaya a bakin zaure ya rufe ido, ya dafa bango, ya tafi yana ƙirga taku. Koyon makanta yake yi tun da wuri, don kada ya zame wa 'ya'yansa nauyi. Ita kuma tana kallonsa ta bayan labule, ta kasa ce masa ta gani. Taku ɗari da goma sha huɗu ne, har ya haddace.

Mun gode, Baba. Allah ya saka da alheri, ya ba hannun nan hutu, ya bar maka idonka har ƙarshen rayuwa. Ku kuma masu sana'a da ke tasowa, ku je Kabuga kafin wata ya ƙare ku ga yadda ake wanke hannu kafin a taɓa kayan mutane. Ku da kuka hau kujerun mulki bana, kuna zaune a baya ana jan ku, in na gabanku ya ce yana ganin abin da ba ku gani, kada ku yi saurin karɓar makulli. Ku tattare riga, ku cire hula, ku zauna inda yake zaune ku duba. Yau Ɗanjuma da idonsa a buɗe yake tafiya masallaci, saboda tsoho ɗaya ya yi haka.